Kada Ki Wanke Kwanon

Dogo mai rijiya ya shigo birnin nan da jaka guda da wandon da ya ɗaure da igiya don kada ya zame. Wanda ya san shi a da, in ya gan shi ranar, sai ya yi salati. Wannan fa mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin rami, yana haƙa wa mutane ruwa gari gari, kuma in ya fito da rana tsaka masu gidan da yake wa aiki sukan ɗora tukunya ta biyu tun bai gama wanke hannu ba. Bayan rijiya, ba abin da yake taƙama da shi kamar ci. Ka ambaci gari, ba zai tuna sunan titi ko ɗaya ba, amma zai gaya maka lungun da ake dafa kifi mai kyau, da kuma wace mai abinci ce take rowar nama. Bai taɓa mayar da kwano da saura ba. A wurinsa, barin abinci a kwano zagin wadda ta dafa ne.

Sai ciwon ciki ya zo ya zauna masa daram, ya ƙi tashi. Likitar babban asibitin birnin, wata mata mai magana a hankali, ta ce akwai abin da za a cire, kuma in an cire ana warkewa, amma ba za ta sa wuƙa a jikin da ya rame haka ba. Ta hau da shi kan sikeli, ta nuna masa inda allura ta tsaya, sannan ta ɗora farce a inda take so ta kai. Tsakanin wuraren biyu bai wuce faɗin yatsa biyu ba.

"Baba, ka ci abinci," in ji ta. "In allurar nan ta kai nan kafin ƙarshen wata mai zuwa, za mu yi aiki. In ba ta kai ba, abin da ke cikin nan ba zai tsaya jiranmu ba."

Dogo ya yi dariya har ya riƙe ƙugu. Wai shi ake roƙo ya ci abinci! Duniya kenan. Amma dariyar ba ta raka shi har ƙofar asibitin ba, don shi ya san halin da yake ciki. Kome ya sa a baki, ji yake kamar yana tauna jiƙaƙƙen kwali, in ya matsa kuma maƙogwaro ya rufe gam.

A ɗakin 'yarsa Auta ya sauka, can hawa na sama a wani dogon gini. Ɗaki ne guda da aka raba da labule, da tukunyar gas a kusurwa, da taga mai kallon bangon ginin da ke maƙwabtaka da su. Auta guga take yi a wani babban otal. Tana fita da sassafe, sai rana ta kusa faɗuwa take dawowa da ƙafa a kumbure. Takan dafa ta rufe masa kafin ta fita, ta dawo ta tarar da murfin yadda ta bar shi, shi kuma yana zaune ya zuba wa bango ido. Ran nan ta gaji, ta durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah ka riƙa fita. Ci cikin mutane daban ne da ci kai kaɗai. Kai da ka san gidan abincin kowane gari, wannan birnin ne zai gagare ka?"

Ta san inda ta taɓa. Washegari ya sauko.

Kai, birnin nan! Dogo ya ga garuruwa, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Gine-gine sun yi sama har in ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga kai, ɗan sararin da yake gani bai fi wanda ya saba gani daga ƙasan rijiya ba. Wannan kaɗai ya sa ya ji kamar ya zo wurin da ya sani. Jirgin ƙasa na wucewa ta saman kan mutane a kan gada, ba mai ko ɗaga ido. Ƙofofi na buɗe kansu. Shi dai tafiya yake yana "ikon Allah, ikon Allah", mutane na ratse shi.

Wuri na farko da ya kama zuciyarsa teburin mai shayi ne a ƙarƙashin gadar jirgin. Sarkin Surutu ake ce wa mai shayin, kuma wallahi ba a cuce shi da sunan ba. Yana zuba shayi daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ruwan ya miƙe kamar igiya, bai kallon ko ɗaya, yana can yana ba wani direba labarin surukarsa. In jirgi ya zo wucewa, cokula su hau rawa a cikin gwangwani, shi kuma ya ɗaga murya ya ci gaba daga inda ya tsaya. Dogo yakan zauna a ƙarshen benci ya riƙe kofi don ɗumi, ya kurɓa kaɗan, yana kallon wannan hannu da bai taɓa zubar da ɗigo ba.

Na biyu wurin mai lemo ne a kan rufin babbar kasuwa. Sai an shiga lif ake hawa, kuma ranar farko Dogo ya riƙe ƙarfen ciki da hannu biyu, shi da ya sha sauka rami da igiya guda. Mai lemon mutum ne shiru shiru, kamar Allah ya kwashe maganarsa ya ba mai shayi. Yana da injin gilashi da ake ganin cikinsa: lemo ya gangaro, a raba shi biyu, a matse, ɓawon ya faɗa gefe. Daga kan rufin kuwa ana ganin birnin gaba ɗaya, da kogin da ya ratsa shi, da gadoji, da motoci ƙanana ƙanana. Dogo yakan jingina da bango yana bin layin itatuwa da ido, yana cewa a ransa, nan da ka haƙa zurfin gaba uku ka tarar da ruwa, can kuwa sai dutse. Yakan manta da cikinsa na ɗan lokaci.

Amma shayi da kallo ba sa ɗaga allurar sikeli. Sarkin Surutu ne ya dube shi wata safiya, ya dubi kofin da ya bari rabi, ya ce, "Baba Dogo, ciwonka ya fi ƙarfin butata. Ka je wurin Goggon Taga. Ka bi layin masu gyaran waya, in ka ji ƙamshin albasa ya mare ka, ka iso."

Tsohon garejin mota ne aka mayar gidan abinci. Tebura masu ledar shimfiɗa, fanka a sama tana juyi da ƙyar, famfon wanke hannu a bakin ƙofa da sabulu ɗaure a zare. Ƙanwar mai wurin, wata kakkaurar mata mai saurin tafiya, ita ke kai wa mutane abinci. Masu dafuwa na ciki ba a ganin su. Abin da ya ɗaure wa Dogo kai shi ne mai wurin kanta. Duk inda ya ci abinci a duniya, mai wuri a bakin tukunya take zama, ko a bakin ƙofa. Wannan kuwa tana can ƙuryar ɗaki, a wata taga da aka huda a bango tsakanin wurin ci da wurin wanke-wanke, zaune kan doguwar kujera, da tabarau a ƙarshen hanci. Tsohuwa ce siririya, ba ta girme shi ba, in ma ta girme shi da kaɗan ne. Duk kwanon da aka gama ci a ciki, sai ya bi ta hannunta kafin ya ga ruwa. Ta karɓa, ta karkata shi wajen haske, ta duba, wani lokaci ta kai hanci, sannan ta juya ta faɗi kalma ɗaya ko biyu ga na ciki, ta miƙa a wanke.

Wani tela da suka haɗa tebur ya ga yana kallo, ya matso ya rage murya.

"Baƙo ne kai, ko? A nan in ka zo sau biyu uku, ba a ƙara tambayarka me za ka ci. Kwanonka ya riga ya gaya mata. Ka ga direban bas ɗin can? Ya taɓa ture albasa gefe sau ɗaya, har yau bai sake ganin albasa a kwanonsa ba. Ni da kaina, na fara barin nama ina cin shinkafa kawai, ta aiko a ce mini in je a duba mini haƙori. Ashe kuwa ya ruɓe har ƙasa. Akwai wata ma'aikaciyar banki da ta fara barin ƙwai, Goggo ta yi murmushi ta sa a yanka mata lemon tsami a gefe. Wallahi ta riga mijin sanin matar na da juna biyu."

Dogo ya saki baki. Shi da ya yi rayuwarsa yana karanta ƙasa, ya ɗebi yashi ya murza ya faɗi nisan ruwa, yau ga wata tana karanta mutane a cikin ragowar miya. Tsigar jikinsa ta tashi.

Aka ajiye masa shinkafa da miyar kifi, tana tururi, kyakkyawa, irin wadda a da zai share ya nemi ƙari tun ba a juya baya ba. Ya kai cokali na farko, ya kai na biyu, a na uku maƙogwaro ya rufe. Ya zauna yana zufa. Ya dubi kwanon, ya dubi tagar. Yanzu wannan kwanon ne za a ɗauka cike a kai gaban wannan baiwar Allah, ta karkata shi a haske? A ce wane ne ya raina girkinta, a nuna shi? Haba. Shi Dogo? Kunya ta lulluɓe shi har kunne. Ya laluba aljihu ya ji ledar da aka ƙunso masa magani. Tela ya tashi wanke hannu, ƙanwar ta shiga ciki, shi kuwa ya saukar da kwanon kan cinya, ya share komai cikin ledar da cokali, ya ƙulle, ya tura cikin riga. Kwano ya tafi taga fes. Ya ga ta karɓa ta duba, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta gyaɗa kai. Ya fita yana jin kamar ya fita kunyar mutuniyar kirki.

Kyanwoyin bayan teburin mai shayi suka ci daɗi ranar. Washegari ya koma, aka kawo masa irin na jiya sak, har da ƙari, tunda kwano ya ce yana so. Ya sake yin yadda ya yi. Haka aka yi ta yi, kullum abincin na ƙaruwa, kullum ledar na ƙara nauyi. Kyanwoyi suka san tafiyarsa tun daga nesa. Sarkin Surutu, da ya ɗauka ragowa ce kawai, har tsokanarsa yake: "Baba Dogo, waɗannan 'ya'yan naka fa sun fara tumbi, a kai su sikelin su ma!" Dogo ya yi yaƙe. Da yamma in Auta ta tambaya, sai ya ce, "Kwanona fes ya koma, je ki tambaya." Kuma a ganinsa bai yi ƙarya ba.

Sikeli dai ba ya jin kunyar kowa. Da suka koma asibiti a tsakiyar wa'adin, allurar ba ta tsaya inda take ba ma, baya ta ja. Likitar ba ta yi faɗa ba, ta dai dube shi, ta dubi Auta, kuma kallon ya fi faɗa ciwo. A cikin bas Auta ta juya fuska wajen taga tana share ido da gefen mayafi, tana zaton bai gani ba. Ranar ce Dogo ya ji tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da bangon rijiya ya rufto masa har ƙirji.

Duk da haka washegari ƙafarsa ta kai shi garejin, da ledarsa a aljihu. Mutum da halinsa! Ya gama abin da ya saba, ya miƙe zai fita, sai ƙanwar ta tare shi.

"Yaya ta ce ka dakata."

Ya zauna har masu cin rana suka watse, fanka kaɗai ke ƙara. Sannan Goggo ta sauko daga kujerarta, abin da tela ya ce bai taɓa gani ba da rana, ta zo da kwanonsa a hannu ta ajiye a tsakaninsu, ta zauna.

"Malam Dogo, ina ƙayar kifin?"

Ya dubi kwanon. Fes, ba ko ƙaya guda.

"Ko ita ma cinyewa kake yi? Kwana da kwanaki ina ba ka kifi, ban taɓa ganin ƙaya ba. Dubi sawun cokalinka, duk gefe ɗaya ya nufa, kamar an yi shara. Mai ci ba haka yake yi ba, mai ci yawo yake a kwano. Farkon zuwanka ka ci ni, ban musa ba, har daɗi na ji. Daga baya na gane, na ce babban mutum ne, kada in tona shi, zai gaji ya bari. Yau kuma na ga ka ƙara wa igiyar wandonka ƙulli. Fito da ledar."

Dogo ya so ƙasa ta tsage. Ya fito da ita ya ajiye.

"Goggo, wallahi ba raini ba ne. Girkinki ba shi da aibu. Ni ne bakina ya mutu. Ban taɓa mayar wa mace kwano da saura ba tun da nake, ban san yadda ake yi ba."

"Au, ni kake wa kara?" Muryarta ta tashi. "Kara! Ka san abin da kara ta yi mini?"

Ta cire tabarau ta ajiye, ta gaya masa. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne. Tana amarya, kullum ta dafa ta zuba masa a kula ya tafi da ita wurin aiki, kullum ya dawo mata da ita wankakkiya tas, yana cewa abinci ya yi daɗi. Ita kuwa sai fara'a, tana gaya wa maƙwabta ta yi dacen miji mai ci, mai tsabta. Ashe bawan Allah ya daɗe ba ya iya haɗiya. Abokan aikinsa ke cinyewa, shi ya wanke kular a famfon masaƙa don kada ta gani hankalinta ya tashi. Riguna masu faɗi yake sawa. Sai ranar da ya faɗi a bakin injin ta sani, kuma ranar likitoci suka ce an makara.

"Da sau ɗaya ya dawo mini da kular nan da abincinta a ciki," in ji ta, "sau ɗaya tak, da na ɗauke shi a baya na kai shi asibiti. Ya ji tausayina, ya bar ni da yara ƙanana. Tun daga ranar na rantse ba kwanon da zai ƙara ganin ruwa a hannuna ban duba shi ba. Da tire na fara sayar da abinci a bakin masaƙar, har Allah ya kawo ni nan. Mutum zai ce maka lafiya lau, ya yi maka murmushi. Ni ba na tambayar mutum."

Dogo ya sunkuyar da kai. Hawaye ya ji yana bin gemunsa, bai ko share ba.

"To ka ji," ta ce, ta mayar da tabarau. "Daga yau abin da ka iya ci ka ci, abin da ya gagare ka ka bar mini shi a inda yake. Kada ka gyara, kada ka tattara gefe. In ka sake shigo mini da leda, da muciya zan raka ka har bakin titi, girmanka ba zai hana ni ba."

Abin da ya biyo baya, Dogo har yau in yana ba da labarinsa sai ya riƙa girgiza kai. Washegari ba kwano aka kawo masa ba, faranti ne da ƙananan abubuwa a jere, kowanne bai fi loma biyu ba: dankali da aka murƙushe, ɗan romo, ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, shinkafa da ta dahu lugub. Ya taɓa wannan, ya ture wancan, ya bar sauran yadda suke, ya miƙa yana sunkuyar da kai. Ya ga ta daɗe a kan farantin kamar mai duba fuskar jariri. Kashegari abin da ya ture ya ɓace, abin da ya taɓa ya ƙaru. Ta gano abin da shi kansa bai sani ba game da bakinsa: cewa abin da ya huce ya fi shigar masa a kan mai zafi, cewa ƙamshin mai ne ke rufe masa maƙogwaro tun kafin ya kai cokali, cewa in akwai ɗan tsami a gefe yakan ƙara loma. Ta sa aka mayar da shi teburin bakin ƙofa, inda iska ke kore ƙamshin suya. Ta sa tela ya riƙa zama da shi yana jan shi da hira, don ta lura in yana ba da labarin rijiya hannunsa kan ci gaba da kai cokali bai sani ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta aika wa Sarkin Surutu cewa daga yau shayin Baba Dogo da madara mai kauri za a haɗa, a bar shi ya huce, kuma a gaya mata inda ya tsaya a kofin. Ta aika wa mai lemo ya riƙa niƙa masa ayaba da madara a ciki. Mutumin nan da ba ya magana, kullum da yamma in ya rufe sai ya biyo ta garejin, ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna mata da yatsa a jikin kofi inda Dogo ya kai, ya wuce. Sai ga Dogo da zagaye kamar ma'aikaci: safe ƙarƙashin gada, hantsi kan rufin kasuwa, rana wurin Goggo, la'asar ya sake komawa gada. Wani lokaci a kan rufin yakan tsaya ya dubi wannan makeken birni da ya zata ba mai ɗaga ido ya dubi wani, ya tuna a cikinsa akwai mutum uku da ba dangin iya ba na baba, suna bin lomarsa kamar tasu. Abin ya fi ƙarfin tunaninsa, sai dai ya ce Allah mai iko.

Ba kullum ake nasara ba. Akwai ranakun da farantin ya koma kusan yadda ya zo, ya tafi gida gwiwa a sanyaye. Goggo ba ta taɓa cewa komai a irin ranakun, gobe dai sai ya ga wani sabon abu a gefen farantin. Kyanwoyin gada suka koma ramarsu, suna bin sa da harara. Ran nan yana ɗaura wando ya ji igiyar ta matse shi, ya kwance ƙulli ɗaya, ya zauna a bakin katifa yana kallon igiyar kamar an ba shi kyauta.

Ranar awo, ya hau sikelin ya rufe ido. Auta ce ta yi ƙara. Allurar ta yi rawa, ta yi rawa, ta zo ta kwanta daidai inda farcen likitar ya taɓa nunawa, ba ta wuce da ko gashi ba. Likitar ta ce, "Baba, me ka ci haka?" Ya ce, "'Yata, ba ni na yi ba."

Aka yi aiki. Ya daɗe bai san inda kansa yake ba, da ya farfaɗo kuma aka hana shi komai sai ruwan da ke bi ta jijiya. Auta ta ɗauki hutu tana jinyarsa. Ranar da aka ce ya iya fara cin abu mai laushi, ta je garejin da hantsi ta dawo da 'yar kula a ƙunshe cikin tawul: dankali murƙushe, ɗan romo, da kifi a gefe, duk sun huce daidai yadda ya saba. Ta tallafo shi ya zauna. Ya ci a hankali, yana hutawa, yana sake kai hannu. Da ya ji ya isa ya tsaya, bai matsa wa kansa ba, bai gyara komai ba.

Auta ta haɗa kular ta miƙe ta nufi famfon da ke ƙarshen ɗakin, ta riga ta zaro soso daga jaka. Dogo, da ɗinki a ciki, ya yunƙura ya cafko hannunta da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba.

"Kada ki wanke!"

"Haba Baba! In mayar wa babbar mace kwano da datti? A cikin bas? Ai sai ta ce ba a yi mini tarbiyya ba."

"Auta, ki rufe shi yadda yake ki kai mata. Kada ki karkata shi ma a hanya. Ki ba ta a hannunta."

Ta tafi tana gunaguni. Shi kuwa ya kwanta yana kallon silin, zuciyarsa na bugawa kamar wanda ya aika a nema masa aure. Sai bayan la'asar ta dawo. Ta zauna a bakin gadon, idonta ya yi ja.

"Me ta ce?"

"Baba, da na shiga wurin cike yake da mutane. Tana hango ni ta ajiye kwanon da ke hannunta. Na miƙa mata, ta buɗe, ta kai shi wajen haske. Ta daɗe, Baba, har na ji tsoro. Kowa ya daina ci. Sai ta juya ta ce wa na ciki, 'Ya bar dankalin ya bi kifin, inda gishiri yake. Bakinsa ya dawo. Gobe a ƙara masa gishiri.' Daga nan ta rungume kular a ƙirji, da miyar da komai, ta juya wa mutane baya. Ƙanwarta ta zo za ta karɓa a wanke, ta hana."

Dogo ya ja bargo ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka yi ta rawa, Auta na cewa ya yi a hankali saboda ɗinkin. Da ya lafa, ya sauke bargon, ya share ido da bayan hannu, ya dubi kan durowar da ke gefen gadon.

"Wancan burodin na waye?" ya ce. "Miƙo mini shi."